Diyyar Da Ta Wuce Kima: Mene Ne Sunanta, Wa Kuma Ya Ci Ta A Jos?

Duk inda mutanen Arewa suke zaune a Kudu, ko Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, ko Anacha, akwai wata kalma wadda ba a cika jin ta ba sai ranar baƙin ciki. Kalmar nan ita ce diyya. In kasuwa ta ƙone, ko hukuma ta aiko da katafila ta rushe rumfuna, ko mota ta kaɗe ɗan dako, ko rigima ta tashi aka yi asarar rayuka da dukiya, to, tun toka ba ta huce ba za a ga Sarkin Hausawa da shugabannin zango sun zauna ana maganar diyya. Daga nan sai gardama ta biyo baya, kuma kusan kullum iri ɗaya ce. Wanda aka yi wa ɓarna ya ce abin da aka miƙa masa bai kai ko kuɗin motar komawa gida ba. Wanda zai biya kuwa ya ce an tsawwala masa, so ake a yi arziki da shi.

To, shi wannan biya da ya zarce asarar da aka yi, mene ne sunansa da Hausa? Tafintocin kotu da masu fassara labarai a gidajen rediyo sun sha cin karo da tambayar. Amsar ita ce Hausa ba ta ajiye kalma guda tak dominsa ba, sai dai ta ɗauko diyya ta rataya mata wani abu, a ce diyyar da ta wuce kima, ko diyyar da ta wuce hankali. Wannan kuwa ba talaucin harshe ba ne. Dalili shi ne, a wurin Bahaushe diyya abu ne mai ma'auni, da zarar ta tsallake ma'auninta sai ta tashi daga diyya, a nemo mata wani suna, galibi kuma sunan ba mai daɗin ji ba ne. Babu garin da ya fi Jos dacewa a auna wannan magana, don kuwa tun kafin a kafa shi ake rigimar diyya a kan ƙasarsa.

Asalin Kalmar

Diyya Larabci ce, ta shigo Hausa ta hannun malamai da alƙalai, kuma ma'anarta ta fari ƙunƙuntacciya ce ƙwarai, watau dukiyar da ake biya saboda ran da aka kashe ko gaɓar da aka lalata. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san adadinta: raƙuma 100 ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. In an lissafa dinari ɗaya a kan giram 4.25, diyyar rai ta kama giram 4,250 na zinariya ke nan, watau nisabin zakka sau 50, tun da shi nisabi dinari 20 ne. Shi ya sa adadinta a Naira yake hawa da sauka tare da farashin zinariya, hukumomin zakka irin ta Jihar Sakkwato kuma suke ta sabunta lissafin suna sanar da jama'a. Gaɓoɓi ma kowace da kuɗinta. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ido ɗaya haka nan, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. In kisan na kuskure ne, ba a ɗora wa wanda ya yi shi kaɗai, danginsa na wajen uba ne suke haɗawa su biya cikin shekara 3. Ba a kuma duba ko mamacin attajiri ne ko matalauci.

Abin sha'awa shi ne, malaman fiƙihu suna da suna na musamman domin diyyar da aka ƙara wa nauyi, suna ce mata diyya mugallaza, watau wadda aka kaurara. Misalin da aka saba bayarwa a mazhabar Malikiyya shi ne uban da ya jefi ɗansa da ƙarfe cikin fushi, ɗan ya mutu. Ba a kashe uban, amma sai a tsananta masa biya: raƙuma 30 'yan shekara uku, 30 'yan shekara huɗu, sa'an nan 40 masu ciki. Mai karatu ya lura, har a nan ɗin adadin bai wuce 100 ba. Darajar dabbobin aka ɗaga, ba yawansu ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauki mugallaza a fassara diyyar da ta wuce kima da ita, kamar yadda wani mai son burge jama'a da Larabci zai iya yi. Mugallaza tana nan cikin kimarta, shari'a ce ta yanka ta.

Hanya ɗaya da kuɗi suke wuce wannan iyaka da halacci ita ce in kisan na ganganci ne, magada suna da hakkin ƙisasi, sai su yarda su sauka a kan wani adadi da aka daidaita, ko ya fi diyya ko ya gaza ta. Amma shi ma wannan malamai sulhu suke kiransa.

Da zamani ya juya, aka kawo Final Kod a Arewa a 1960, shari'ar kisa ta fita daga tsohon tsarinta, sai kalmar ta baro zauren alƙali ta shiga ofis. Jaridu da rediyo suka shimfiɗa ta a kan kowane irin biyan asara: diyyar gona, diyyar gida, diyyar gobara, diyyar ɓata suna, diyyar yaƙi. Kalmar ta yaɗu, amma ma'aunin nan nata bai biyo ta ba, ya tsaya can cikin littattafai. A nan ne tushen rikicin yake. Mutum ya ji an ce diyya sai ransa ya ba shi abu ne yankakke wanda Allah ya sani, alhali kuwa wani ma'aikaci ne ya zauna da biro ya ƙiyasta.

Af, akwai kuma wata 'yar matsala ta rubutu. Maɗaba'ar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa takan buga diya a wurin diyya, ta kuma buga diya a wurin ɗiya. Sai mai karatu ya ga an rubuta wane ya karɓi diyar wane, ya rasa ko makoki ake yi ko ɗaurin aure.

'Yan Uwanta

Kalmomin da suke kewaye da diyya suna da yawa, mutane kuma sukan cakuɗa su. Tara horo ce, aljihun hukuma take shiga, wanda aka cuta ba ya ganin ko kwabo. Fansa kuwa sayen 'yanci ce, da ita bawa yake fansar kansa a zamanin da, ita ce kuma masu satar mutane suka ɓata wa suna. Lada ta aiki ce, la'ada ta dillali. Ranko da ramuwa mayar da abin da ya kuɓuce ne daidai wa daida, kamar mai rama azumi, ba ya ƙara yini ba ya ragewa.

Idan biya ya zarce, sunan da za a ba shi ya danganta ga wanda ake zargi. In mai nema ne ya cika baki, sai a ce ya tsawwala, ko ya yi haɗama, ko zalama, ko a ce ya wuce gona da iri. In kan bashi ne aka ɗora ƙarin, sunansa ruwa. Nan ma akwai tarko, don kalmomi biyu ne ake rubuta su iri ɗaya da boko. Akwai riba ta ɗan kasuwa, wadda ake jan wasalinta na fari, ita halal ce, kowa ita ya fito nema. Akwai kuma riba ta mai ba da bashi da ruwa, wadda addini ya haramta. A Larabci tushensu daban ne, a bakin Bahaushe ma sautinsu daban ne, takarda ce kawai ta haɗa su. In ribar halal ɗin ta yi yawa har ta zama cuta, sai a ce ƙazamar riba.

Amma kalmar da ta fi kusa da ainihin abin da ake nema ita ce ramuwar gayya, watau a mayar wa mutum fiye da abin da ya yi, da gangan, don ya ji a jikinsa. Sai dai ita ba da kuɗi aka cika biyanta ba. Mutanen Jos na kowane ɓangare sun ga irinta a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da farkon 2010. Bayan kowane tashin hankali akan kafa hukumar bincike, kamar ta Mai Shari'a Niki Tobi a kan na 2001 da ta Bola Ajibola a kan na 2008, jama'a su yi ta kai lissafin gidaje da motoci da kayan shago. A irin wannan zama ne ake jin kalmomin nan duka a yini ɗaya, kowane ɓangare yana kiran nasa lissafin diyya, yana kiran na ɗaya ɓangaren zalama.

Ɓarnar Shanu

Inda aka fi jin kukan an tsawwala a ƙauyukan Filato shi ne wajen biyan ɓarna. A ce shanu sun faɗa gonar acca a ƙasar Birom, ko ta dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu. Yadda aka gada, mai unguwa da arɗo sukan je da dattawa su duba kunyoyin da aka ci, su kimanta, makiyayi ya biya, a sha ruwa a watse. Fiƙihu ma ya yi magana a kai: abin da dabbobi suka ɓata da dare yana wuyan mai su, don da dare shi ke da alhakin tsare su, da rana kuwa mai gona yana da nasa rabon tsaro.

Makiyayi yakan ce ɓarnar buhu ɗaya aka yi, aka sa shi ya sayar da sa. Manomi yakan ce ba buhu ɗaya ya rasa ba, ya rasa iri, da takin da ya ci bashi ya saya, da wahalar damina guda wadda ba ta dawowa. Duka biyun suna da gaskiya gwargwado. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, in magana ta bar hannun dattawa ta shiga hannun 'yan tsakiya, kuɗin da ya fita daga aljihun makiyayi ba shi ne yake isa hannun manomi ba. Akwai na tsare shanu, akwai na mota, akwai na takarda, akwai goron wane da wane. Makiyayi ya tafi yana cewa an yi masa fashi, manomi ya koma yana cewa an raina shi, kowa ya riƙe ɗan'uwansa a zuci, wanda ya ci rarar kuwa yana gefe yana sakace. Rarar nan ba diyya ba ce, ko da wane suna aka rubuta ta a rasit.

Wajen rai kuwa, alƙaluman da aka sani a Nijeriya ba su nuna ana wuce kima ba. Mutum 8 da jami'an tsaro suka harbe a wani kango a Apo, Abuja, cikin Satumba 2013, galibinsu 'yan ci-rani ne masu tuƙa Keke, Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta yanke wa iyalan kowannensu Naira miliyan 10, mutum 11 da suka ji rauni kuma miliyan 5 kowanne. An yanke a 2014, ba a biya ba sai 2018. Yaran Kano da aka gwada maganin Trovan a kansu a 1996, sai a 2009 kamfanin Pfizer ya daidaita da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, iyalai huɗu na farko kuma suka karɓi dala 175,000 kowanne a 2011, watau bayan shekara 15. A gwada da jirgin Lokabi, inda Libiya ta amince a 2003 ta biya dala miliyan 10 a kan kowane rai daga cikin 270.

Kamfanin Neja

To, amma babbar diyyar da ta wuce kima a tarihin Jos ba manomi ne ya karɓe ta ba, ba makiyayi ba, ba kuma ɗan kasuwar da rumfarsa ta ƙone ba. Wani kamfanin Ingila ne, kuma an yanka masa ita tun babu garin Jos.

Ga yadda abin ya faru. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger, na Sir George Goldie, takardar izni ya yi ciniki ya kuma yi mulki a bakin Kwara da Binuwai. Kamfanin ya yi ta shelar cewa yana da yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu wadda ta mallaka masa hakkoki a ƙasashensu. Da Ingila ta ga Faransa na matsowa, ta ƙudura ta karɓi mulkin da kanta, sai ta soke iznin daga ranar 1 ga Janairu, 1900, ranar da Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Aka ce tun da an karɓe wa kamfani mulki da filaye da hakkin ma'adinai, wajibi ne a biya shi. Aka ba shi fam 865,000. Bayan wannan aka ƙara masa da wani alkawari: duk harajin ma'adinai da gwamnati za ta karɓa a yankin da ke tsakanin Kwara daga yamma da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram daga gabas, rabi na kamfani ne, har shekara 99. Watau har zuwa 1999.

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga tsaunukan Jos suna tsakiyar wannan yanki. Abin tambaya shi ne, me kamfanin ya rasa a can da har za a biya shi? A 1900 ba shi da ko rumfa a kan tsaunin. Sarakunan da ya ce sun sa masa hannu su kansu ba su mallaki ƙasar Birom ba, dawakin Bauci da na Zazzau sun yi ta gewaya gindin duwatsun ba su ci saman ba. Kuza kuwa ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasa, maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka shi suna zuba shi sanda-sanda siriri kamar tsinke, fatake suna kai shi kasuwanni. Ganin irin wannan sanda ne ma ya sa kamfanin ya aiko da masu bincike a 1902, sa'an nan Kanar Laws ya biyo baya ya kafa sansani a Naraguta. Watau an biya kamfani diyyar abin da bai taɓa mallaka ba, tun bai ma san inda abin yake ba.

Daga nan kuza ya buɗe. Kamfanoni suka yi ta kwararowa, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Fatakwal ya iso a 1927. Leburori daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Faransa suka cika barikoki, sunayen wuraren ma sun isa shaida: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Mai Idon Toro, Dogo Na Hawa, Sabon Gidan Kanar. Kowane tan da aka ɗora wa jirgi, gwamnati ta karɓi harajinta, ta raba biyu, ta aika wa kamfani rabi. A 1920 Lever Brothers suka saye kamfanin Neja, a 1929 aka narka shi cikin UAC, alkawarin kuma ya bi gado. Ko kamfanin ya haƙa, ko bai haƙa ba, rabonsa na zuwa.

Sai a 1950, bayan an yi shekara 50 da ƙulla alkawarin, 'yan kishin ƙasa kuma sun ɗaga murya, Gwamnatin Nijeriya ta sayi sauran shekarun da suka rage. Nawa ta biya? Fam 1,000,000, daga baitulmalin ƙasar nan. Kuɗin rabuwa da alkawarin ya fi dukkan abin da aka ba kamfanin tun farko. A takardun Turawa duk wannan sunansa biyan hakki. Da gaban dattawan kasuwar Kurmi aka kai maganar, an karɓi kuɗin abin da ba naka ba, an ci rabin amfaninsa shekara da shekaru, sa'an nan an sake karɓar kuɗi kafin a saki, ba za su rasa sunan da za su ba shi ba, kuma diyya ba ta cikin sunayen.

Ba a kan Nijeriya aka fara ba. Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulki a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengijin bayi saboda asarar da suka yi, bayin kansu ba a ba su ko anini ba. Haiti, wadda bayi suka ƙwaci kansu da yaƙi, Faransa ta turo mata jiragen yaƙi a 1825 ta ɗora mata faran miliyan 150 na diyyar gonaki da bayin da Faransawa suka rasa, daga baya a 1838 aka rage zuwa miliyan 90. A duk waɗannan, mai ƙarfi ne ya riƙe ma'auni, shi ne kuma ya raɗa wa abin suna.

Rabon Mai Gona

Shi kuwa manomin da aka haƙe gonarsa fa? Tun dokar filaye ta 1910 aka ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, dokar ma'adinai kuma ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarkin Ingila ne. Saboda haka in kamfani ya sami lasin a kan gonar mutum, ba sayen gonar ya yi ba, balle a yi ciniki. Abin da ake biya shi ne amfanin da ke tsaye a kai da kuma damun da aka yi wa mai shi. A ƙirga acca ta bana, a ba shi kuɗinta, sa'an nan a kwashe ƙasar da kakanninsa suka yi ta zuba wa taki, a bar masa rami da tsibin jar ƙasa. An biya shi shekara ɗaya ko 'yan shekaru, an ɗauke masa har abada. In akwai sunan biyan da ya wuce kima, to, shi wannan kishiyarsa ce, Bahaushe yakan ce an ba shi na goro, ko an share masa hawaye, ko an toshe masa baki.

Leburori ma ba su tsira ba. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Jos. Aka kafa aikin tilas, wanda talakawa suka raɗa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso kusan mutum 100,000 daga lardunan Arewa, ta hannun En'e da hakimai da dagatai, aka kawo su ɗaukar ƙasa da kwanon sarki. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina aka zuba su cikin hunturun Filato babu bargon kirki, babu isasshen abinci, da yawa suka mutu, musamman a wajen aikin madatsar ruwa ta Tenti. A 1943 kuzan da aka fitar ya haura tan 17,000, bai taɓa kai haka ba. Rabin harajin wannan shekara ma ya bi hanyar da ya saba bi.

Bayan yaƙi mutanen ƙasa suka fara tsayawa. Manoman Gyel, kusa da Bukuru, suka ƙi yarda a ci gaba da cinye musu gonaki, samarin Birom masu ilmi suka kafa ƙungiya wadda babbar maganarta ita ce ƙasa da diyya, a 1947 kuma aka naɗa Rwang Pam shugaban Birom. A can Ikko, jam'iyyar NCNC ta sa dokar ma'adinai ta 1945 cikin dokokin da ta kira miyagu, ta zaga ƙasa tana neman goyon baya a 1946, a wannan tafiya ce ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, sa'an nan ta aika da wakilai London a 1947, cikinsu har da Zanna Bukar Dipcharima. A wannan zamani ne aka fara tilasta wa kamfanoni su gyara ƙasar da suka haƙe, aka kuma dasa itatuwan turare a kan tsibin ƙasa a wurare da dama. Amma ramukan da aka haƙa kafin dokar ba su shiga lissafi ba.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, sai gwamnati ta zama ita ce mai kukan an tsawwala mata. A shekarun arzikin man fetur, da an ji za a yi hanya ko makaranta ko bariki, sai a wayi gari an dasa 'ya'yan mangwaro a fili, an ta da katangar da ba ta da ɗaki, wani lokaci da sanin mai ƙiyastawa. Wannan zamba ce, kuma ta faru. Da ita aka kafa hujja aka yi dokar 1976 wadda ta yanka iyakar abin da za a biya, sa'an nan Gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo Dokar Amfani da Ƙasa ranar 29 ga Maris, 1978. Dokar ta ce ƙasa tana hannun Gwamnan jiha, in an karɓe fili don amfanin jama'a gini da shuka ake biya, ba ƙasar ba. Har ta ce kotu ba ta da ikon duba ko abin da aka biya ya isa, ko da yake daga baya kotuna sun ƙi bin wannan sashe don ya saɓa wa tsarin mulki. Ga mutumin Ikko ko Ibadan wannan sabon abu ne mai ɗaci. Ga manomin Filato kuwa tsohon zance ne, abin da aka yi wa kakansa ne aka shimfiɗa wa kowa. Don a kama mai dasa mangwaro da dare, an haɗa har da wanda gonarsa ta gado ce.

Kasuwar kuza ta duniya ta rushe cikin Oktoba 1985, manyan kamfanoni da suka rage suka tattara, injin narka kuza na Makeri da aka kafa a farkon shekarun 1960 ya rasa abin ci. Dokar ma'adinai ta 2007 ta zo da gyara a takarda, ta ce sai mai lasin ya biya diyyar saman ƙasa, ya kuma ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. Sai dai ba ta waiwayi baya ba. Ramukan kamfanoni suna nan ɗaruruwa daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, sun cika da ruwa sun zama kududdufai masu zurfi, suna cin yara da dabbobi. Matasa suna bin tsofaffin wuraren suna haƙa rijiyoyin loto da hannu, ƙasa tana ruftawa da su, har Gwamna Caleb Mutfwang ya ba da umurnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar cikin Fabrairu 2025 don a tantance masu yi.

Manoman rani kuwa, Birom da Hausawa da sauransu, sun kafa injin ban-ruwa a bakin kududdufan. Kabeji da karas da latas da tumatirin Jos da ake saukewa da asuba a Mile 12 da sauran kasuwannin Kudu, wani kaso daga cikinsu da ruwan ramukan kuza aka shayar da shi.